Kalmomin Rashin Gaskiya a Hausa da Ingilishi: Abin da Wani Aji a Gwarinpa ya Nuna

1.0 Gabatarwa

A wani zagaye na duba yadda ake aiwatar da manhajar Hausa a ƙananan makarantun sakandare, na zauna a bayan wani aji biyu a unguwar Gwarinpa ta Abuja, ranar da malamin yake koyar da darasin kalmomi masu ma'ana ɗaya. Ya jera kalmomi shida a allo: ƙarya, yaudara, cuta, zamba, ha'inci, damfara. Ya ja layi a ƙarƙashinsu, ya ce duk abu guda suke nufi, wato rashin gaskiya, sannan ya umurci kowane ɗalibi ya gina jimla da wadda ya ga dama. Wata yarinya wadda ba Hausa ake yi a gidansu ba ta karanto tata: "Ƙanena ya damfari Mama, ya ce ya yi wanka alhali bai yi ba." 'Ya'yan Hausawan ajin suka kwashe da dariya. Yarinyar ta nemi a nuna mata inda ta yi kuskure, tun da an ce kalmomin ɗaya ne. Kunnen malamin ya gaya masa jimlar ba ta zauna ba, amma ya rasa dalilin da zai ba ta, sai ya ce da ita ba a faɗin haka, ya wuce kan na gaba.

Bai dace a ɗora wa wannan malami laifin duka ba. Haka aka koya masa, kuma haka ƙananan ƙamusoshin da ke yawo a hannun ɗalibai suke jera kalmomi: ta Ingilishi guda a hagu, na Hausa huɗu ko biyar a dama, da waƙafi a tsakaninsu, ba tare da an faɗi muhallin kowace ba. A Kano ko Katsina wannan giɓi bai cika fitowa fili ba, domin yaro ya riga ya sha bambancin kalmomin a nono, darasi tuni kawai yake yi masa. Gwarinpa kuwa rukunin gidaje ne da aka gina a shekarun 1990, zamanin mulkin Janar Sani Abacha, a yankin da asalinsa na Gbagyi ne, ya tara ma'aikata da 'yan kasuwa daga kowace kusurwa ta ƙasar nan. A aji guda za a sami yaron da Hausa ce harshen gidansu, da ɗan Gbagyi da ya tsinci Hausar kasuwa, da ɗan Ibo ko Yarbawa ko Tibi da bai taɓa haɗuwa da ita ba sai a allo, da kuma ɗan Bahaushen ma'aikaci wanda Ingilishinsa ya fi Hausarsa ƙwari. Rukuni ukun ƙarshe ba su da kunnen da zai warware musu abin da darasi ya bari a dunƙule.

Abin da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nunawa shi ne, kalmomin rashin gaskiya na Hausa maƙwabtan juna ne da suka raba fili guda a tsakaninsu, kowace da iyakarta, kuma iyakokin da Hausa ta shata ba su hau kan waɗanda Ingilishi ya shata ba. Tun a 1931 masanin harshe Bajamushe, Jost Trier, ya kawo ra'in cewa kalma ba ta samun ma'anarta ita kaɗai, sai an dubi maƙwabtanta a filin ma'ana, kamar yadda ba a sanin girman gona sai an san inda ta maƙwabci ta fara. An zaɓi wannan fili ne saboda kalmominsa na tuhuma ne. Wanda ya kira kujera tebur dariya kawai za a yi masa, amma wanda ya kira abokin cinikinsa ɗan damfara alhali kuskuren lissafi aka yi, maganar tana iya kai su gaban alƙali.

2.0 Ƙarya

Ƙarya ita ce kalmar da yaro yake fara sani, kuma ita ce ake zaton ba ta da wahala, tun da Ingilishi yana da "lie". A 1981 Linda Coleman da Paul Kay sun buga wani nazari a mujallar Language a kan wannan kalma ta Ingilishi, inda suka nuna cewa abubuwa uku ne suke haɗuwa su ba da cikakkiyarta: maganar ta saɓa wa haƙiƙa, mai maganar ya ɗauka a ransa cewa ta saɓa, kuma yana nufin ya ruɗi mai sauraro. Sun gano cewa na biyun ne ya fi nauyi a wurin masu harshen, na farkon kuma shi ne mafi rauni. Ke nan a Ingilishi zuciyar mai magana ake fara dubawa kafin a dubi maganar.

Hausa tana da wannan ma'ana, amma ginin jimla ne yake ware ta. Idan aka ce "ya yi ƙarya", mutum aka tuhuma. Idan aka ce "maganar nan ƙarya ce", sau da yawa labarin aka tuhuma, mai yiwuwa wanda ya kawo shi shi ma ji ya yi. Ɗalibin da ya ɗauki wannan ta biyun ya mayar da ita "you are lying" ya zagi malamin Ingilishinsa bai sani ba. Bugu da ƙari, ƙarya ta yi rassan da takwararta ta Ingilishi ba ta yi ba. Ɗan ƙarya daban yake da maƙaryaci: shi mai nuna arzikin da bai kai ba ne, yana iya shekara bai faɗi abin da ba haka ba, motar aro da babbar rigar bashi ne suke yi masa maganar. "Ƙaryarsa ta ƙare" ana faɗinta ga ɗan damben da aka kayar, ko azzalumin da dubunsa ta cika, ma'ana tinƙahonsa ya zo ƙarshe. "Ƙarya kake!" a bakin wanda aka yi wa barazana kuwa cewa ce ba ka isa ba.

A ɗaya gefen akwai maganganun da ma'aunin Coleman da Kay zai kama, amma Bahaushe ba zai kira su ƙarya ba. Baƙon da aka kawo wa abinci ya ce ya ƙoshi alhali cikinsa na ƙugi, kunya ya yi. Majinyacin da aka ce wa yaya jiki ya ce da sauƙi, ladabin amsa gaisuwa ya bi. Dattijon da ya je sulhu ya gaya wa kowane ɓangare cewa ɗan'uwansa ya yi nadama, gyara ya yi. Ingilishi yana tara irin waɗannan a ƙarƙashin "white lie", na kuwa taɓa ganin an fassara ta da "farar ƙarya" a takardar wani ɗalibi, abin da ba ya nufin komai a Hausa. Mu kunya da kara da kawaici muke kiransu, wato mun fitar da su daga filin rashin gaskiya ɗungurungum, mun kai su cikin kyawawan halaye.

Akwai kuma batun wa yake faɗa wa wa. Yaro ba ya ce wa babba ƙarya yake yi, ko da kuwa ƙaryar ce tsagwaronta. Sai dai ya ce, "Baba, anya haka ne kuwa?" ko "Malam, wataƙila wanda ya gaya maka bai ji daidai ba." A ganina wannan ba abin da za a jinkirta sai darasin al'ada ba ne, domin ɗalibin da ya san ma'anar ƙarya bai san wanda ake iya jifa da ita ba, rabin kalmar ya sani.

Masu koyon Hausa a matsayin harshe na biyu suna da ƙarin tarko guda biyu a nan. Na farko na furuci ne: wanda bai iya fitar da ƙ ba zai ce "karya", wadda take nufin macen kare ko kuma ɓalle abu, gwargwadon karin sautin da ya hau kanta, kuma rubutun waya da ake yi ba ƙugiya yana ƙara binne bambancin. Na biyu na nahawu ne. Ƙarya suna ce, yin ta ake yi, ana cewa "ya yi mini ƙarya". Ɗalibin da ya nemi aikatau ya tarar da "ƙaryata" sai ya ce "ya ƙaryata ni", yana nufin an yi masa ƙarya, alhali abin da ya faɗa shi ne an ce shi ne maƙaryacin.

3.0 Cuta, Yaudara, Ha'inci, Damfara da Cin Amana

A laccarsa kan mutumin kirki wadda aka buga a 1974, A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa halaye goma da Hausawa suke auna mutum da su, kuma ya kawo gaskiya daban, amana daban. Wannan rabuwa ita ce mabuɗin sauran kalmomin. Gaskiya tana tsakanin mutum da maganarsa, amana kuwa tana tsakaninsa da wanda ya sakankance da shi. Saboda haka tambayar da ta fi raba kalmomin wannan sashe ita ce: mene ne tsakanin mutanen biyu kafin abin ya faru, kuma ta wace hanya aka raba ɗaya da haƙƙinsa?

Cuta ita ce mafi faɗi, kuma ba ta bukatar a ɓoye komai. Wanda ya sa lebura aiki ya hana shi lada ƙiri-ƙiri ya cuce shi. Mutum yana ma cutar kansa. Ba banza ba kalmar ta zo ɗaya da ta ciwo: lahanin da ya sami wanda aka yi wa take kallo, ba ruwanta da hanyar da aka bi. Yaudara kuwa hanyar take kallo. Wanda aka yaudara da ƙafarsa ya tafi, an nuna masa wani abu mai daɗi ya bi, shi ya sa kalmar ta fi yawa a zancen masoya da na 'yan siyasa, kuma ba dole ba ne a rasa ko kwabo. Abin da aka rasa yana iya zama shekarun jira ko ƙuri'a. A dubi waɗannan misalai, inda alamar tauraro take nuna jimlar da mai harshe ba zai karɓa ba:

(1) a. Ya ɗora masa bindiga ya karɓe motar, ya cuce shi.
b. *Ya ɗora masa bindiga ya karɓe motar, ya yaudare shi.

(2) a. Farin wata ya yaudare shi, ya fita da tsakar dare yana zaton asuba ta yi.
b. *Farin wata ya ha'ince shi, ya fita da tsakar dare yana zaton asuba ta yi.

Misali na (2) ya nuna cewa yaudara ba ta ma bukatar mai niyya, alhali ha'inci sai mai hankali da aka damƙa wa wani abu. Ha'inci ana yin sa ba tare da an buɗe baki ba. Maginin da ya rage siminti a kwaɓi, da telan da ya yanke wani abu daga yadin da aka kai masa, da ma'aikacin da ya sa hannu a rajista ya sulale, duk maha'inta ne ko da ba wanda ya tambaye su balle su yi ƙarya. Aibin yana kwance a cikin aikin, sai damina ta zo bango ya tsage sannan a sani. Algus reshe ne na ha'inci da ya tsaya a kan kayan sayarwa: ruwa a cikin nono, tsakuwa a cikin hatsi, manyan tumatir a saman kwando ruɓaɓɓu a ƙasa. Tauye mudu ya ƙara ƙuntata, ya tsaya a kan ma'auni kaɗai, shi ne kuma abin da sura ta 83 ta Alƙur'ani, Suratul Muɗaffifina, ta samo sunanta daga gare shi. A nan ya kamata a lura da cewa da yawa daga cikin kalmomin wannan fili, irin su ha'inci, algus, rashawa, ƙazafi, zur, makirci da munafunci, aro ne daga Larabci, sun shigo ta hanyar karatun addini da shari'a, suka zo da iyakokinsu a shate. Yaron da yake zuwa Islamiyya da yamma ya riga ya ji su a muhallinsu. Abokin zamansa a benci ɗaya wanda ba ya zuwa bai ji ba, kuma malamin Hausa a Gwarinpa ba zai ɗauka cewa kowa ya zo da su daga gida ba.

Damfara tana bukatar abubuwan da jimlar yarinyar nan ta rasa. Dole a sami dukiya, dole a sami shiri, kuma wanda aka damfara shi ne yake miƙa abinsa da hannunsa, domin an gina masa wani labari ya hau. Wanda ya sayar da filin da ba nasa ba da takardun jabu, ko ya nuna wa mai shago saƙon shigar kuɗi na bogi ya kwashi kaya, ko ya yi sojan gona ya karɓi kuɗin samar da aiki, shi ne ɗan damfara, kuma saboda irinsa ne ake rubuta wa gidaje a bango cewa ba na sayarwa ba ne. Ƙirar kalma ma ta ba da shaida. Ana cewa maƙaryaci, macuci, mayaudari, maha'inci, da ƙirar da take nuna hali, amma abin da ya fi zama a baki shi ne ɗan damfara, da ƙirar ɗan kasuwa da ɗan dako, wato sana'a ce. Abin da ya ba yaran ajin dariya ke nan: an ɗauki yaron da ya guje wa ruwan sanyi an ba shi sana'ar manya. Amsar da yarinyar take bukata ba ta wuce tambaya guda ba: nawa ya karɓa a wurin Mama?

Cin amana yana tsaye ne daura da damfara. A damfara, amincewar ita kanta ƙirƙirar ta aka yi don a kai ga dukiyar. A cin amana kuwa amincewar ta gaskiya ce, ta riga laifin, kuma abin ya shiga hannun mai laifi ta halal kafin zuciyarsa ta juya.

(3) a. Yaron shagona na shekara goma ya ci amanata.
b. *Wani mutum da ban taɓa gani ba ya tare ni a tasha ya ci amanata.

Shi ya sa cin amana ya fi sauran zafi a wurin Bahaushe ko da abin da aka rasa kaɗan ne, kuma shi ya sa yake miƙewa daga ajiya zuwa aure, zuwa sirri, har zuwa cin amanar ƙasa. Zamba tana tsakanin biyun. A tsohon amfani ta fi karkata ga mugun shirin da aka ƙulla wa wanda ya saki jiki, kamar yadda "zamba cikin aminci" take nunawa, amma gidajen rediyo da jaridu sun ja ta zuwa laifuffukan kuɗi, har ana cewa zamba ta intanet. Iyakarta da damfara ba ta zauna ba tukuna, ban kuwa ga hikimar a jarraba yaro a kan abin da manya ba su daidaita a kai ba.

Munafunci da annamimanci sun cancanci a ɗan tsaya a kansu, domin su ne suka fi rusa tunanin cewa duk kalmomin nan ƙarya suke nufi. Annamimi yana iya ɗauko magana ta gaskiya, kalma da kalma, ya kai inda za ta haddasa faɗa. Bai yi ƙarya ba, amma ba wanda zai kira shi mutumin kirki. Ƙage da sharri da ƙazafi kuwa ƙarya ce da aka ɗora wa wani mutum, ƙazafi ya fi nauyi saboda asalinsa a shari'a tuhumar zina ce ba da shaidu ba. Zur ba ta cika fita ita kaɗai ba, sai tare da shaida. Kalmomin ofis da na zaɓe, irin su almundahana, sama da faɗi, ruf da ciki, toshiyar baki, maguɗi da aringizo, muhallinsu a bayyane yake, ɗalibin da yake sauraron labarai zai tsince su da kansa.

3.1 Wayo da Boko

Kalmomi biyu suna bukatar kulawa ta daban a Abuja. Turancin buroka ya ari "wayo" daga Hausa, amma ɓangare guda ya ɗauka, na cuta. Yaron da ya zo aji da wannan ma'ana zai ji an ce "jaririn nan ya yi wayo", ko "tun ban yi wayo ba mahaifina ya rasu", ya rasa inda aka dosa. A Hausa wayo buɗewar hankali ne, sai an ce "ya yi mini wayo" sannan ya zama ƙorafi, kuma ko a nan bai kai cuta nauyi ba. Tatsuniyoyin Gizo a kan wannan siririn layi suke tafiya.

Ta biyun ita ce kalmar da muke kiran aikinmu da ita. An daɗe ana cewa boko daga kalmar Ingilishi ta littafi aka samo ta, har Paul Newman ya nuna a 2013 cewa kalmar Hausa ce ta asali, mai nufin abin da ba na haƙiƙa ba, kuma ƙamusun Bargery na 1934 ya kawo ta da ma'anonin ruɗi da algus. Amaryar boko da biri-boko suna nan a bakin mutane suna ba da shaida. Ɗaliban babbar sakandare suna jin daɗin wannan misali, domin yana nuna musu yadda kalma take barin filinta na asali ta koma wani.

4.0 Idan Hausa ta Haɗu da Ingilishi

Kalmar Ingilishi da ta fi jawo ruɗani ita ce "cheat". Ita kaɗai tana aiki a ɗakin jarrabawa, da kasuwa, da filin wasa, da ɗakin aure, inda Hausa take cewa satar amsa, ha'inci, coge da cin amana. Ƙananan ƙamusoshi sukan ba ta "cuta", daga nan kuskure yake tafiya ta fuska biyu. Ɗalibin da Ingilishi ya fi ƙarfi a bakinsa sai ya rubuta "ya yi cuta a jarrabawa", wanda mai karatu zai iya ɗauka ciwo ne ya kama shi. Wanda Hausa ta fi ƙarfi a bakinsa kuma, idan malami ya doke shi ba laifi, sai ya ce "he cheated me", yana nufin ya cuce ni, alhali Bature ba ya amfani da kalmar sai inda aka yi ɓoye ko aka karya ƙa'ida don a ci riba. Haka nan "dishonest" ba ta da takwara guda a Hausa, kuma "ba ka da gaskiya" a bakin mai raba gardama ba ta nufin kai maƙaryaci ne, tana nufin kai ne da laifi a wannan magana.

Wannan matsala ba ta Hausawa kaɗai ba ce. Basinen da yake koyon Ingilishi yana cin karo da ita a daidai wannan wuri, domin Sinanci yana da "pian" mai ɗaukar yaudara da damfara, amma satar amsa "zuobi" ce, cin amanar aure kuma "chugui", wadda asalin ma'anarta kaucewar jirgin ƙasa daga kan dogo. Kowane harshe da yadda ya yanka filinsa.

Wani abin da malamai da yawa ba su lura da shi ba shi ne, doka ta fi kusa da rabon Hausa fiye da Ingilishin titi. A titi kowane irin zamba "419" ne. Lambar kuwa ta sashe ce a kundin laifuffuka na jihohin Kudu, sashen da ya yi magana a kan karɓar dukiya ta hanyar ƙarya. Abuja da kundin Arewa take aiki, wato Final Kod, wanda ya fara aiki a 1960, kuma shi ya ware laifin ruɗar mutum har ya miƙa dukiyarsa a sashe na 320, ya ware na cinye abin da aka ba mutum riƙo a sashe na 311. Na farko damfara ke nan, na biyu cin amana, daidai yadda aka bambanta su a sama. Akwai kuma dokar tarayya ta 2006 kan damfarar karɓar kuɗi tun kafin aiki, da dokar 1999 kan maguɗin jarrabawa. Daga cikin yaran da suke zaune a azuzuwanmu ne za a sami tafintocin kotu da masu fassara labarai, kuma tafintan da ya mayar da cin amana damfara ya sauya tuhumar da ake yi wa mutum.

5.0 Abin da ya Shafi Manhaja

A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyar da yara da harshen uwa a shekaru shida na firamare, a Nuwamba 2025 kuma ta sanar da janye wannan manufa, aka koma ga Ingilishi a matsayin harshen koyarwa. Ko mene ne ra'ayin mutum a kan haka, sakamakonsa gare mu shi ne darasin Hausa ya zama kusan shi kaɗai ne wurin da yaron Gwarinpa zai ji waɗannan kalmomi an rarrabe su. Mintunan kaɗan ne, bai kamata a kashe su a kan jerin kalmomi da layi a ƙarƙashi ba.

Gyara na farko ba ya cin kuɗi: a daina cewa kalmomi masu ma'ana ɗaya, a ce masu kusancin ma'ana, a jagoran malami da littafin ɗalibi duka. Sannan a juya tsarin darasin. Maimakon a ba da kalma a nemi jimla, a ba da ɗan gajeren labari a nemi kalma, ɗalibai su yi gardama a kai, malami yana ja musu gora da tambayoyi uku: an yi magana ko shiru aka yi? Akwai amana a tsakaninsu tun farko? Me aka rasa, kuma a ina? A manyan azuzuwan firamare ƙarya da cuta da wayo sun isa, da tatsuniya a matsayin matani. Yaudara, ha'inci, algus da cin amana su jira ƙaramar sakandare, inda za a haɗa su da darasin aikatau, tun da cuta, yaudara, damfara, ha'inta da zambata duk 'yan giredi na biyu ne a rabon da F. W. Parsons ya yi a 1960, masu sauya wasalin ƙarshe: ya yaudari Audu, ya yaudare shi, wanda ya yaudara. Kalmomin ofis da kotu a bar su sai babbar sakandare, a koyar da su daga labarin jarida na gaske, a kuma nemi malamin Ingilishi ya ɗauki "cheat" da 'yan'uwanta a mako guda da malamin Hausa.

Saura masu tsara tambayoyin jarrabawa, waɗanda su ne a ƙarshe suke yanke abin da malami zai koyar. Tambaya irin wannan tana auna abin da ake so: "Audu ya bar wa amininsa Tanko ajiyar buhu goma na masara. Da ya dawo, Tanko ya ce bai san zancen ba. Me Tanko ya yi?" Zaɓin ya kasance: ya damfare shi, ya ci amanarsa, ya yaudare shi, ya yi masa algus. Amsa ita ce ta biyu, kuma kowace daga cikin sauran ukun akwai dalilin da za a iya faɗa wa ɗalibi na kore ta. Sai dai a kiyaye kada a saka "ya cuce shi" ko "ya yi masa ƙarya" a cikin zaɓin, domin Tanko ya yi duka biyun, kuma yaron da ya zaɓi ɗayansu bai yi kuskure ba.